Mai Kisan Yana Zaune a Falo: Gugar Zanar da ke Cikin Tsofaffin Labaran Binciken Laifi na Ingila

A shekarar 1928 wani marubucin Amurka mai suna Willard Huntington Wright, wanda ke sa hannu a littattafansa da sunan S. S. Van Dine, ya wallafa ƙa'idoji ashirin da ya ce wajibi ne duk mai rubuta labarin binciken kisa ya kiyaye su. Ta goma sha ɗaya ta haramta wa marubuci ya ɗora kisan a wuyan bara, ko kuku, ko 'yar aikin gida. Hujjarsa ita ce bara bai kai matsayin da mai karatu zai hana idonsa barci yana farautarsa ba. Tilas mai laifin ya kasance mutum mai daraja, wanda ba a kawo shi cikin zato. Raini ne tsagwaronsa ya haifi wannan doka. Amma mai karatu ya dubi abin da ta jawo. Idan an cire bara, an cire talakan da ke wucewa a hanya, wa ya rage a gidan? Sai likita, da lauya, da alƙali, da tsohon hafsan soja, da limamin coci, da magada masu jiran wasiyya. Ke nan a kowane littafi dole a kama ɗaya daga cikin waɗanda jama'a ke cire wa hula. Shekara da shekaru masu hali na Ingila suna sayen littattafan da ke gaya musu cewa mai kisan na cikinsu, suna karantawa kafin barci, suna jin daɗi.

(Gargaɗi ga wanda bai karanta waɗannan littattafai ba: zan tona asirin ƙarshen wasu daga cikinsu.)

Masana adabi na wancan zamani ba su ga wannan fuska ba. Raymond Chandler a 1944 ya zargi marubutan Ingila da mayar da kisa wasan falo, wanda ba ruwansa da yadda ake kashe mutane a titi. Edmund Wilson a 1945 ya yi musu izgili a mujallar New Yorker, yana tambayar wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. Mawaƙi W. H. Auden, wanda shi masoyin irin waɗannan labarai ne, ya fassara su a 1948 da cewa labarin wata aljanna ce da zunubi ya shiga, mai bincike ya zo ya fitar da mai zunubin, aljannar ta koma yadda take. Akwai gaskiya a maganarsa. Sai dai wanda ya karanta littattafan a tsanake zai ga cewa kafin a kai ga mai kisan, an riga an buɗe akwatin kowa a gidan, kuma abin da aka gani a ciki ba ya komawa ɓoye don kawai an rataye mutum ɗaya.

Tun daga tushe abin yake. Littafin da ake yawan kira uban wannan fanni a Ingila shi ne The Moonstone na Wilkie Collins, wanda ya fito kashi-kashi a 1868 cikin mujallar Charles Dickens. Labarin wani lu'ulu'u ne da ya ɓace daga ɗakin wata budurwa, Rachel Verinder, a daren da ta cika shekara goma sha takwas. Amma Collins bai fara da wannan sata ba. Ya fara da wadda ta riga ta: a 1799, ranar da sojojin Ingila suka fasa birnin Seringapatam na Sarki Tipu a kudancin Indiya, wani hafsa mai suna John Herncastle ya ɗauke dutsen da jinin masu gadinsa a wuƙarsa. Shi ne kawun Rachel, shi ya bar mata dutsen a wasiyya. Wato kafin a tambayi wanda ya saci lu'ulu'un daga gidan Verinder, an riga an gaya wa mai karatu cewa gidan ne ke riƙe da kayan sata.

A tuna da lokacin. Shekara goma sha ɗaya kacal ke nan da boren Indiya na 1857, kuma jaridun Landan sun cika kunnen jama'a da cewa Ba'indiye maci amana ne mai kishin jini. A cikin wannan yanayi Collins ya kawo malaman addinin Hindu uku da suka bar matsayinsu, suka yi shigar masu wasan dabo, suka ƙetare teku don maido da abin bautarsu. Mutanen gidan suka zarge su. Suka kuma zargi Rosanna Spearman, 'yar aiki mai tawayar kafaɗa wadda ta taɓa zaman gidan horo saboda sata, har baƙin ciki ya kai ta ga halaka kanta. Wanda ya warware ƙullin shi ne Ezra Jennings, mataimakin likita mai ruwa biyu, wanda garin duka ke ƙyama. Ɓarawon kuwa Godfrey Ablewhite ne, kyakkyawan saurayi mai zaƙin baki, jagoran ƙungiyoyin agaji na matan coci, wanda ya cinye dukiyar wani yaro da aka ba shi amana don ya riƙe daduronsa a wani gida na ɓoye. Musa a baki, Fir'auna a zuci. Da aka tsinci gawarsa a wani masauki kusa da tashar jiragen ruwa, ya shafa wa fuskarsa baƙi don ya yi kama da baƙon matuƙi. Sai da aka goge fentin aka ga Bature. A ƙarshen littafin dutsen ya koma goshin gunkinsa a Indiya, kuma Collins bai nuna wannan a matsayin asara ba. Shi da kansa ya ambata a gabatarwa cewa lu'ulu'un Koh-i-Noor na cikin abubuwan da suka ba shi tunanin labarin, dutsen da aka karɓe daga Punjab a 1849 aka miƙa wa Sarauniya Victoria, kuma har yau yana Landan.

Arthur Conan Doyle mutum ne na daular Ingila ciki da waje. Ya kare yaƙin da ƙasarsa ta yi da Buwa a Afirka ta Kudu, aka ba shi sarautar Sir a 1902, kuma bai goyi bayan matan da ke fafutukar samun ƙuri'a ba. Duk da haka, a tattara gajerun labaran Sherlock Holmes na farko a ga abin da ke yawan maimaituwa: mace mai ɗan abin hannu, da namijin gidan da ke son ya ci gaba da cin kuɗinta. A labarin The Speckled Band na 1892, Dakta Roylott, ɗan tsohon gidan sarauta da ya tsiyace, yana rayuwa ne da kuɗin matarsa marigayiya, fam 750 a shekara. Wasiyya ta ce kowace daga cikin agololinsa biyu za ta ɗauki fam 250 ranar da ta yi aure. Da ɗaya daga cikinsu ta samu miji sai ya sako mata maciji cikin dare. Mutane na tuna macijin, suna manta lissafin. Suna kuma manta cewa wannan likita ya taɓa dukan babban baransa Ba'indiye har ya mutu a Kalkata, ya tsira daga rataya, ya dawo gida da halinsa. A labarin The Copper Beeches uba ne ya kulle 'yarsa a ɗaki don kada ta yi aure ta tafi da gadonta. A Case of Identity ya fi su duka ɗaci: mijin uwa ya ɓad da kama, ya nemi agolarsa da aure, ya sa ta rantse za ta jira shi, sannan ya ɓace ranar ɗaurin aure, duk don fam ɗari na shekara da take kawowa gida su ci gaba da shiga aljihunsa. Holmes ya gano shi, ya kuma amsa cewa babu dokar da za ta taɓa shi. Abin da ya iya yi kawai shi ne ya miƙa hannu ga bulala, mutumin ya ruga waje.

Wannan ba ƙirƙira ce daga iska ba. Sai a dokokin 1870 da 1882 ne matar aure a Ingila ta samu ikon mallakar dukiyarta. Kafin nan duk abin da ta shigo da shi na miji ne. Saki kuwa ya fi haka tsauri. Dokar 1857 ta ba miji damar rabuwa da matarsa idan ta yi zina, amma ita sai ta tabbatar da zinarsa haɗe da wani laifin, kamar azabtarwa ko ƙaurace mata. Ba a daidaita su ba sai 1923, kuma duka kaɗai bai zama hujjar saki ba sai 1937. A tsakiyar wannan ne Doyle ya rubuta The Abbey Grange a 1904, inda wani attajiri mashayi mai dukan matarsa ya mutu a hannun wani matuƙin jirgin ruwa da ya kare ta. Holmes ya san gaskiya, ya ƙi miƙa mutumin ga 'yan sanda. Ya naɗa kansa alƙali a ɗakinsa, ya sa Watson ya tsaya a madadin jama'ar Ingila, suka wanke mai kisan. Daga 1909 Doyle ya shugabanci ƙungiyar neman gyaran dokar saki na tsawon shekaru. Shi ne kuma ya tsaya wa George Edalji, lauya ɗan wani limamin coci mai asalin Indiya, wanda aka ɗaure a 1903 bisa zargin yanka dabbobin mutane. Hayaniyar wannan shari'a na cikin abin da ya sa aka kafa kotun ɗaukaka ƙarar manyan laifuka a 1907. Mutum ɗaya ne ya ɗauki wannan duka, mai son daula da mai jin zafin zalunci, kuma labaransa sun gaji halayen biyu.

Agatha Christie, wadda aka haifa a 1890 ta rasu a 1976, ita ce aka fi yi wa kallon mai rubuta wa masu shan shayi abin ɗebe kewa. Ita ma ba 'yar juyin juya hali ba ce. A littafinta na biyu, The Secret Adversary na 1922, ta nuna barazanar yajin aikin ma'aikata a matsayin makircin 'yan Bolshebik. Amma a dubi mutanen da ta damƙa wa gaskiya. Na farko ɗan gudun hijira ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya kimanin 'yan Beljiyam dubu 250 suka tsallaka zuwa Biritaniya, wasunsu aka sauke su a garinsu Christie, Torquay, inda take aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti (a nan ta koyi sanin guba). Daga cikinsu ta samo Hercule Poirot, wanda ya fara bayyana a 1920 yana zaune a gidan da wata attajira ta ba 'yan hijira sadaka. Gajere ne, mai gashin baki abin dariya, mai karyayyen Ingilishi. Kullum ana ce masa Bafaranshe, kullum yana gyarawa. A littafin Three Act Tragedy ya bayyana wa wani abokinsa cewa yana iya Ingilishi tsaf, da gangan yake karya shi kuma yake cika baki, domin Baturen Ingila idan ya raina mutum ba ya tsare harshensa a gabansa.

Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Christie ta juya maganar: 'yan gida ne makafi, domin sun saba da junansu har ba sa iya zaton likitansu ko alƙalinsu da mugun abu, baƙon kuwa ba ya bin kowa bashin kunya. Duk wanda ya tashi a zango, a garin da ake gyara masa lafazi ana tambayarsa asalinsa ko da a nan aka binne cibiyar kakansa, ya san irin abin da mutane ke faɗa a gaban wanda ba su ɗauka a bakin komai ba.

A The Murder of Roger Ackroyd na 1926, shekarar da ma'aikatan Biritaniya suka yi yajin aikin gama-gari, wanda ke ba mu labarin shi ne likitan ƙauyen, Dakta Sheppard, mutum mai natsuwa da kowa ke kai wa sirrinsa. Tare da shi muke zargin babban baran gidan, muke zargin 'yar aiki, muke zargin wani baƙo da aka gani a ƙofa. Kafin a gama mun gano cewa 'yar ɗan'uwan attajirin ta saci fam arba'in saboda rowarsa ta hana ta abin kashewa, 'yar aikin kuma matar ɗan gidan ce a ɓoye, wata gwauruwa mai daraja ta sa wa mijinta mashayi guba. Mai kisan shi ne likitan, wanda ya daɗe yana tatsar gwauruwar kuɗi da sirrin da aikinsa ya ba shi. An yi ta muhawara a kan ko Christie ta yi wa mai karatu maguɗi. A ganina abin da ya ƙona mutane shi ne ta kama su suna gaskata mutum saboda muƙaminsa da tsabtar harshensa.

Ta biyu da ta damƙa wa gaskiya tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba. Ƙidayar 1921, bayan yaƙi ya cinye samari, ta nuna mata sun fi maza yawa da kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai a Ingila da Wales, har jaridu na kiran su rarar mata, kamar hajar da ta yi kwantai. Miss Marple, wadda ta fara jan littafi nata a 1930, ta girme wannan rukuni, amma raini ɗaya ake yi musu. Tana saƙa, tana leƙen maƙwabta, sufetocin 'yan sanda na ɗaga ido sama idan ta buɗe baki. Iliminta duka daga ƙauyenta ne, kuma abin da ƙauyen ya koya mata shi ne kada ta yarda da kowa don tufafinsa.

Inda na fi ganin zuciyar Christie shi ne A Pocket Full of Rye na 1953. An kashe wani attajirin Landan da matarsa, sannan aka tsinci 'yar aikin gidan, Gladys Martin, a shaƙe wajen igiyar shanya, an maƙala mata abin maƙale wanki a hanci don kisan ya dace da wata waƙar yara. Gladys marainiya ce, ba kyau, ba wayo, mai son kallon fim da mafarkin saurayi. Iyalin gidan ba su damu da mutuwarta ba sai ta fuskar wanda zai kawo shayi. Miss Marple, wadda ta koya mata aiki tun tana fitowa daga gidan marayu, ta hau jirgin ƙasa ta zo ba tare da an gayyace ta ba, kuma abin da ya taso ta shi ne wulaƙancin da aka yi wa gawar. Mai kisan shi ne ɗan gidan mai fara'a, wanda kowa ke so, wanda ya dawo daga Gabashin Afirka yana kwaɗayin wata mahaƙar ma'adinai a can. Ya yaudari Gladys da sunan ƙarya da alkawarin aure, ya sa ta zuba wa ubansa guba ba ta sani ba, sannan ya kawar da ita. Da tsohuwar ta koma gida sai ta tarar da wasiƙar da yarinyar ta aiko mata kafin ta mutu, wadda ta yi yawo a gidan waya, cike da kurakuran rubutu, tana neman shawara, da hoton saurayin a ciki. A ƙidayar 1931 mata fiye da miliyan ɗaya ne ke aikin gida a Ingila da Wales. Da yawan masu sayen littattafan Christie sun taɓa samun irin Gladys a kicin ɗinsu.

Littafinta mafi kasuwa, And Then There Were None na 1939, shi ne ya fi fitowa fili. An tara mutum goma a wani tsibiri, kowannensu ya yi sanadin mutuwar wani ta hanyar da doka ba ta kamawa. Janar ya tura kwarton matarsa inda ya san ba zai dawo ba. Likita ya yi tiyata a buge. Ɗan masu kuɗi ya take yara biyu da mota, abin da ke damunsa shi ne an karɓe masa lasisi na shekara guda. Wata mai tsananin ibada, Emily Brent, ta kori 'yar aikinta da ta yi ciki, yarinyar ta faɗa kogi, ita kuwa ba ta ga laifinta ba. Philip Lombard ya kwashe abinci ya bar mutum ashirin da ɗaya 'yan Gabashin Afirka suka mutu a daji, kuma shi kaɗai ne ya amsa laifinsa da murmushi, yana cewa irinsu ba su ɗauki mutuwa da nauyi ba. Daga baya wata budurwa cikin baƙin ta ɗauki wannan a matsayin sassauci, tunda 'yan ƙasa ne kawai, sai Emily Brent ta tuna mata cewa baƙi da fari 'yan'uwa ne. Matar da ta kashe yarinyar gidanta da rashin tausayi ita ce ke wa'azin 'yan'uwantaka da mutanen nesa. Christie ba ta ƙara ko kalma ba, ta wuce.

Amma dole a faɗi ɗaya gefen. Wannan littafi da ya lissafa rayukan 'yan Afirka ashirin da ɗaya cikin jinin da ke neman sakayya, ya fito ne da suna mai ɗauke da kalmar zagin baƙar fata. Amurkawa sun canza sunan tun 1940, a Biritaniya kuwa an ci gaba da buga shi haka har cikin shekarun 1980. Littattafan Christie na farko na ɗauke da shaguɓe marasa daɗi kan Yahudawa da sauran baƙi, waɗanda ba duka ne za a ce bakin jaruman labari ba ne. A 2023 aka samu labarin cewa kamfanin HarperCollins ya goge wasu irin waɗannan kalmomi a sababbin bugu. Kuma ko a inda sukar ta fi kaifi, ba a taɓa tsarin gado da kansa: an cire ruɓaɓɓen magaji, dukiya ta koma hannun nagari, barori suka ci gaba da share falo.

Da talabijin ta karɓi waɗannan labarai, ta fara da lulluɓe su da kyau. Kamfanin Granada ya yi Holmes da Jeremy Brett daga 1984 zuwa 1994, kashi arba'in da ɗaya. BBC ta yi Miss Marple da Joan Hickson daga 1984 zuwa 1992. ITV ta yi Poirot da David Suchet daga 1989 zuwa 2013, kashi saba'in. Ayyuka ne masu inganci, kuma sun bi littattafan sau da ƙafa fiye da yawancin finafinan da suka gabace su. Sai dai kyamara na da nata son rai. A shafin littafi, babban gida wuri ne da mutane ke zaman jiran mutuwar tsoho. A allo kuwa lambu ne kore, da motocin da, da kayan azurfa, da jirgin ƙasa mai tururi. An sayar da wannan hoto ga ƙasashen duniya a matsayin Ingilar da ta wuce, wadda ake kewa, ciki har da ƙasashen da guminsu ya gina irin waɗannan gidaje. Mai kallo yakan tashi yana sha'awar gidan da marubuciyar ta nuna masa cike da macizai. Hickson ce ta fi tsira daga wannan tarko, domin a idonta akwai wani sanyi mai ban tsoro; ta fahimci cewa tsohuwar ba kaka ce mai raba alewa ba. Ya kamata kuma a lura da abin da aka tsallake. Cikin labaran da Granada ba ta ɗauka ba akwai The Yellow Face na 1893, inda wani Bature ya gano matarsa na ɓoye 'yar da ta haifa wa mijinta na farko, baƙar fata ɗan Amurka, ya ɗauki yarinyar ya sumbace ta ya tafi da ita gida.

Abin mamaki, wanda ya fi riƙe ruhin tsohuwar gugar zanar a talabijin ba daga littafin Christie aka ɗauko shi ba. Columbo ne na Amurka, wanda Peter Falk ya fara fitowa a matsayinsa a 1968: ɗan sanda mai yamutsattsiyar rigar ruwa da tsohuwar Peugeot, wanda kusan duk masu kisan da yake kamawa attajiran Los Angeles ne. Suna raina shi, suna koya masa aikinsa, har su yi wa kansu rami da bakinsu. Dabarar Poirot ce aka sauya wa riga.

Daga 2015 iska ta juya. Marubuciya Sarah Phelps ta shirya wa BBC And Then There Were None, ta fito da duk abin da Christie ta bari a ƙarƙashin tabarma. Lombard ɗinta ba barin mutanen ya yi su mutu ba, kashe su ya yi don lu'ulu'u. A The ABC Murders na 2018, inda John Malkovich ya fito a Poirot, an mayar da labarin 1933, bango cike da takardun 'yan fasist na Oswald Mosley masu kiran a kori baƙi, Poirot kuwa tsoho ne da aka daina yayi, ana turo masa wasiƙun ƙiyayya. Masoyan Christie da dama sun fusata, suka ce an cusa mata siyasar da ba tata ba. Ban yarda da su gaba ɗaya ba, domin ƙyamar baƙo na nan a littattafan tun 1920, kuma ƙungiyar Mosley ta wanzu da gaske tun 1932. Inda nake ganin Phelps ta yi asara shi ne wajen Lombard. Mutumin da ya harbe mutane don dukiya ɗan fashi ne, kowa zai la'ance shi ya ji shi mai tsarki ne. Mutumin da ya ɗauke abinci ya tafi, ya dawo ƙasarsa babu kotun da ta kira shi, ya faɗi abin a falo mutane suka ɗan yamutsa fuska suka ci gaba da hira, wannan ya fi kama da yadda mulkin mallaka ya yi aikinsa. Da aka ƙara wa laifin jini, sai aka sauke nauyinsa daga kan sauran mazauna falon.

Gyaran da na ga ya zauna daidai shi ne na Murder Is Easy, wanda BBC ta nuna a Disambar 2023. A littafin 1939, Luke Fitzwilliam Bature ne, tsohon ɗan sandan mulkin mallaka da ya dawo daga Gabas. A jirgin ƙasa ya haɗu da wata tsohuwa da za ta je hedkwatar 'yan sanda ta Scotland Yard ta kai rahoton cewa ana kashe mutane ɗaya bayan ɗaya a ƙauyensu. Ya ɗauke ta mai ruɗin tsufa, sai ga labarin mota ta take ta kafin ta isa. Kisan ya yi sauƙi a ƙauyen ne domin yawancin waɗanda suka mutu ƙananan mutane ne, 'yar aiki, da yaro mai rashin ji, da mai gidan giya mashayi, kuma ba wanda ya ga dalilin haɗa mutuwarsu wuri ɗaya. Siân Ejiwunmi-Le Berre, wadda ta rubuta wasan, ta mayar da labarin 1954, ta mayar da Luke ɗan Najeriya, wanda David Jonsson ya fito a matsayinsa, ya sauka Ingila don kama aikin gwamnati shekara shida kafin ƙasarsa ta samu 'yanci. Ba ta buƙaci ta ƙara wa kowa laifi ba. Tsohuwar da ba a saurara ta gaya wa baƙon da ba za a saurara ba, shi kuma ya shiga ƙauyen yana tambayar mutuwar 'yar aikin da masu gidan suka riga suka maye gurbinta.